Haƙorin Mai Dafa Alawa

Shekara ashirin da shida Malam Idrisu ya yi a wani kamfanin alawa da ke Sharada, goma sha tara daga ciki a kan tukunya. Mutumin Jigawa ne, daga wani ƙauye kusa da Ringim. Ya shigo Kano yana saurayi, ya fara da dakon buhunan sukari daga tirela zuwa sito. Daga dako aka mayar da shi wankin tukwane, daga wanki ya koma tsayuwa a bayan mai dafawa, har ranar da mai dafawar ya yi ritaya aka miƙa masa ludayin. A lokacin da wannan abu ya faru yana da shekara arba'in da takwas, yana zaune a Dorayi da matarsa Mas'uda da 'ya'yansu huɗu.

Manyan tukwane uku na ƙarfe ne a sashensa, tururi ke dafa su. Ana zuba sukari da ruwa da wani ruwan zaƙi mai kauri kamar zuma, a bar su su yi ta tafasa har su kai. Sanin lokacin da suka kai shi ne aikin gaba ɗaya. In an sauke da wuri, alawar ta yi danƙo ta manne a takarda. In an makara, ta ƙone ta yi ɗaci, tukunya guda ta tafi a banza. Kamfanin ya daɗe da liƙa na'urar auna zafi a jikin kowace tukunya, akwai kuma ɗakin gwaji inda wata ma'aikaciya mai suna Aina'u ke auna komai tana rubutawa. Malam Idrisu bai taɓa ɗaga kai ya dubi na'urar ba. Yakan ɗebo kaɗan da ludayi ya ɗiga a kofin ruwan sanyi, ya tsamo ɗigon da ya daskare, ya sa tsakanin haƙoransa na gaba ya gatsa. In ta ce ƙas, ta kai. In ta kama haƙori, da saura. Abin da ya gatsa kuma ba ya tofarwa, domin a ganinsa wulaƙanta abinci ne. Kowace tukunya sai ya gwada sau uku, kuma kafin a tashi akan sauke tukunya takwas, wani lokaci goma.

Yana da wani matsayin ban da wannan. A bayan sito akwai rumfar kwano da ma'aikata suka mayar masallaci, kuma duk ranar da yake bakin aiki shi ke jan salla. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa tun yana ƙarami, muryarsa a buɗe take, haruffansa suna fita sarai. Ba wanda ya naɗa shi. Wata rana ce aka tura shi gaba, shi ke nan abin ya zauna.

Wata Talata yana aikin rana, wajen ƙarfe biyar na yamma, ya gatsa ɗigon alawa ya ji wani ƙas ɗin da ba shi ya saba ji ba. Ya tofa a tafin hannunsa. Ga jar alawa, ga kuma fiye da rabin haƙorinsa na gaba, na sama. Ta waje fari ne tas, amma da ya juya shi sai ya ga cikinsa baƙi, a rarake, kamar gyaɗar da ƙwaro ya ci. Babu jini, zafin ma ba wani mai yawa ba. Ya jefa guntun a aljihu, ya ce wa abokan aikinsa su sauke tukunyar, don alawar dai ta kai.

Da magariba ya shiga gaba kamar kullum. Ya yi kabbara, ya fara Fatiha. Yana zuwa wajen "nasta'in" sai wani siririn fito ya biyo harafin sin ta cikin giɓin. Ya zo "mustaƙim", fiton ya sake fita, ya ma fi na farko. A sahu na biyu wani ya yi tari irin na mai danne dariya. Malam Idrisu ya zaɓi gajeriyar sura ya ƙarasa.

Bayan an sallame, Yahaya makanikin injina, wanda yakan tsaya a bayansa daidai, ya matso.

"Malam, lafiya kuwa?"

Malam Idrisu ya ɗaga leɓensa na sama da yatsa, ya nuna masa.

"Subhanallahi. Yaushe?"

"Ɗazun nan. Daga isha'i kai za ka ja mu."

"Haba Malam, ai wannan ba ya ɓata salla. Lalura ce."

"Na sani. Ni ne ba na son jin kaina."

Daga ranar ya koma sahun farko, gefen dama.

Mas'uda ba ta gani ba sai da safe, lokacin da yake shan koko. Ta dubi bakinsa, ba ta nuna mamaki ba.

"Malam, ai tun kafin azumi kake tauna da gefe ɗaya," in ji ta. "Ruwan randa ma sai ka karkata kai kake sha. Na yi magana ka ce sanyi ne."

"Wannan daban, wancan daban."

"To Allah ya sawwaƙe. Amma da ka je asibiti."

Bai je ba. Yana ganin mutumin da ke yin asuwaki sau biyar a rana ba shi da abin da zai kai wa likitan haƙori. Gaskiya ne kuma akwai wani turmi a ƙasa, gefen hagu, da ya daɗe yana yi masa tsami in ruwan sanyi ya taɓa shi. Yakan danna masa kanumfari ya lafa.

Mako biyu bayan karyewar haƙorin gaba, turmin ya tashi haiƙan. Kuncinsa na hagu ya kumbura kamar ya ɓoye goro. Kanumfari ya ƙi aiki, ƙwayoyin da ya sayo a kemis kuma sai su riƙe shi awa uku su sake shi.

Abokinsa Lawan, direban babbar motar kamfanin, shi ya kawo shawara. Tare suke shan shayi kowace safiya a teburin Uba mai shayi da ke bakin ƙofar kamfanin, tun suna samari.

"Tsutsa ce," in ji Lawan. "Kada ka je asibiti, su ba su san komai ba sai cirewa. Akwai wani mutum a kan hanyar Zawaciki, a gabanka zai fito da ita ka gan ta da idonka."

Suka je ranar Asabar da hantsi. Mutumin yana zaune a gindin darbejiya da kasko da kwanon ruwa. Ya zuba wasu ƙananan 'ya'yan itace a kan garwashi, ya kifa mazurari, ya sa Malam Idrisu ya kafa baki a bututun, hayaƙi ya yi ta shiga har idanunsa suka kawo ruwa. Sannan ya ba shi ruwan ɗumi ya kurkure ya zuba a kwanon. Da ruwan ya natsu, sai ga wasu fararen abubuwa sirara kamar zare suna yawo a ciki.

"Ga su nan," in ji mutumin. "Bakwai. Har da uwar."

Ranar Malam Idrisu ya ji sauƙi, ya ci tuwo. Ranar Litinin kumburin ya hau har ƙarƙashin ido, bakinsa ba ya buɗuwa fiye da yatsa biyu, jikinsa kuma ya yi zafi rau. Duk da haka ya zo aiki. Foman, shugaban ma'aikatan sashen, ya gan shi yana dafa bango a gefen tukunya, ya ce ba zai bar mai jiri kusa da tafasasshen sukari ba, ya tura shi wajen nas ɗin kamfani. Nas ɗin ta dube shi sau ɗaya ta rubuta masa takarda zuwa sashen haƙori na wani asibitin gwamnati, ta ce yau ɗin nan, ba gobe ba.

Likitar da ya samu sunanta Dakta Safara'u, mace mai kimanin shekara talatin da biyar, ba ta da yawan magana in tana aiki. Ta sa aka ɗauki hoton haƙoransa. Ta yi masa allurar kashe zafi, ta tsaga wurin ta fitar da mugunya, ta rubuta masa magani na kwana biyar. Ta ce da ya ƙara kwana biyu a gida, da kwantar da shi za a yi. Da ya dawo kumburin ya saɓe, ta cire turmin. Ta cire na kusa da shi ma, wanda shi bai san yana da matsala ba, amma a hoton an ga ya rarake har saiwa. Guntun haƙorin gaba da ya rage a baki shi ma ta ce ba zai tsayu ba, ta fitar da shi.

A zuwansa na uku ne, bayan ta wanke masa sauran haƙoran da wata na'ura mai ƙara da feshin ruwa, ta ajiye kayan aiki, ta cire safar hannu, ta jawo takarda da biro.

"Baba, ina so ku faɗa mini abin da ke shiga bakinku daga asuba zuwa kwanciya. Komai, ko da ƙanƙane ne."

Ya fara lissafi. Koko da sukari a gida. Shayi a wajen Uba, cokali huɗu, da burodi. Daga nan sai aiki.

"Wane aiki kuke yi?"

Ya gaya mata. Ta tambayi sau nawa yake gatsa alawar a rana, ya yi lissafi da yatsu, ya ce ashirin da huɗu, in aiki ya yi yawa talatin. Ta tambaya ko yana tofarwa, ya ce a'a. Ya ƙara da cewa wurin akwai zafi, maƙogwaro na bushewa, don haka yakan ajiye minti ɗaya a kunci yana tsotsa a hankali, in ya narke ya sa wani. Da rana shinkafa da wake da lemon kwalba. Da la'asar zoɓo ko kunun aya daga wajen matan da ke sayarwa a bakin geti. In ya koma gida, tuwo, sannan wani shayin.

Ta daɗe tana duban takardar.

"Buroshi fa?"

"Asuwaki nake yi. Kowace salla."

"Na gani. Shi ya sa fuskar haƙoranku take fara. Ku ci gaba da yi, ba zan hana ku ba. Amma inda ido ke gani kuke gogewa. Tsakanin haƙora da can ciki wajen turame, asuwakinku ba ya zuwa."

Ya ba ta labarin tsutsa bakwai da aka cire masa. Ba ta yi dariya ba.

"Waɗannan 'ya'yan itacen, in zafi ya taɓa su suka faɗa ruwa, sukan fashe su fitar da farin zare, ko da babu bakin kowa a kusa. Babu tsutsa a haƙori, Baba. Abin da ke akwai wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, kowa na da su, suna manne a jikin haƙori. Abincinsu zaƙi. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki sai su ci su fitar da wani tsami, tsamin nan ya yi ta cin jikin haƙori kamar rabin awa ko fiye. Bayan nan yawu ya zo ya wanke, ya fara gyara abin da ya lalace. Wanda ya sha zaƙi sau biyu ko uku a rana tare da abinci, yawunsa na samun lokacin gyara. Ku kuwa daga safe har dare ba a ɗaga ƙafa. Kafin ya gama da wannan an zubo wani. Ba yawan sukarin ne kaɗai ya ci haƙoranku ba, yawan shigarsa ne."

Malam Idrisu ya ce, "Likita, sana'ata ce. In na daina ɗanɗanawa, me zan ci?"

"Ban ce ku bar aiki ba. In kun ɗanɗana ku tofar, ku kurkure da ruwa. Mintin da kuke ajiyewa a kunci ku bar shi kwata-kwata, shi ya fi komai ɓarna. In maƙogwaro ya bushe, ruwa. In kuna son abin taunawa, ga gyaɗa, ga karas, ga kokwamba. Nono ba sukari ma yana da kyau ga haƙori. Zaƙin da ba za ku iya bari ba, ku haɗa shi da abinci lokaci ɗaya."

Ta ɗauko wani babban haƙorin roba na koyarwa da buroshi, ta nuna masa yadda ake karkata buroshin wajen dasashi, da yadda ake bin ciki da waje da saman turame, a hankali, ba kamar mai wankin tukunya ba. Ta ce sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci, da man goge baki mai sinadarin fuloraid. In ya gama ya tofar da kumfar kawai, kada ya bi da ruwa, a bar man ya zauna a jikin haƙori. Ta ba shi wani zare na sakace tsakanin haƙora, ta sa ya gwada a gabanta har sau uku.

"Saura abu ɗaya," in ji ta. "In wurin ya warke za mu yi muku haƙorin roba na gaba. Zai rufe giɓin, maganarku za ta daidaita. Amma ba za ku gatsa alawa da shi ba, karyewa zai yi. Na kusa da shi ma duk na ga sun fara, sai na yi musu ciko. Gatsar nan dai ta ƙare."

A cikin a-daidaita-sahu, a hanyar komawa Dorayi, wannan maganar ta ƙarshe ce ya yi ta juyawa. Sauran duk yana ganin zai iya.

Da ya koma aiki bai je wajen tukunya kai tsaye ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin gwaji ya yi sallama. Shekara huɗu Aina'u ta yi a kamfanin, kuma a watanta na farko ta taɓa ce masa ya riƙa duba na'ura, shi kuwa ya amsa mata a gaban mutane cewa tun kafin ta shiga firamare yake dafa alawa. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

"Baba, sannu da jiki. Ku shigo."

Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya gaya mata abin da likita ta ce, ba tare da ya ƙara ko ya rage ba. Sannan ya ce, "Wannan agogon naku na jikin tukunya. A nawa ake saukewa?"

Ta buɗe durowa ta ɗauko wani littafi mai kauri, ta buɗe masa shafuka. Layi-layi ne na lambobi, kowanne da kwanan wata.

"Duk lokacin da kuka ce a sauke, nakan leƙa na'urar in rubuta. Ku duba. Ɗari da arba'in da huɗu. Ɗari da arba'in da huɗu. Nan da uku, nan da biyar. Shekara huɗu ba ku taɓa wuce nan ba. Lambar da injiniyoyi suka ba ni ma ba ta kai taku daidai ba, na daɗe da ajiye ta. Da taku nake koya wa masu aikin safe."

Ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya ce ta zo ta nuna masa inda allurar na'urar ke tsayawa.

Makon farko bai ji daɗin aikin ba. Yakan tsaya ya zuba wa allurar ido, hannunsa na kai wa ga ludayi da kansa. Ranar Alhamis ya ƙi yarda da na'urar, ya ƙara wa wata tukunya minti biyu, ta fito da ɗan ɗaci, foman ya yi magana. Daga baya ya samo wata dabara. Yakan ɗiga alawar a ruwan sanyi kamar da, ya ɗora ɗigon a kan teburin ƙarfe, ya danna shi da bayan cokali, ya kasa kunne. Ƙarar ba ta kai wadda yake ji a cikin kansa ba in ya gatsa, amma ana bambancewa. Da na'ura da cokali, aikin ya koma daidai. Ɗanɗanon lemo ko na madara da ake zubawa a ƙarshe kuwa dole sai harshe, wannan yakan taɓa ya tofar ya kurkure. Ya rataye gorar ruwa a ƙusa kusa da tukunya ta biyu.

A gida ma an sami canji, kuma ba kowa ya so ba. Kowace Juma'a kamfanin kan ba ma'aikata ledar fasassun alawa, waɗanda inji ya karya ba za su shiga kwali ba. Shekara da shekaru yana kawo ledar gida, yara su yi ta ɗiba har wata Juma'ar. Wannan karon ya shigo hannu rabbana. Ladidi, autarsu mai shekara shida, ta leƙa bayansa ta duba aljihunsa, sannan ta koma ɗaki ta ƙi cin abinci.

Mas'uda ta ce, "Malam, kai da kanka ka ce likita ba ta hana gaba ɗaya ba. Ka kawo, ni zan riƙe. Bayan abincin rana kowa ya sami biyu, ya sha ruwa, shi ke nan. In ka hana su a gida, a hanyar makaranta za su saya, inda ba ka gani."

Haka aka yi. Ledar ta koma cikin kwalla, Mas'uda ke da iko da murfin.

Da aka yi hutun makaranta ya kwashe su duka ya kai su asibitin, don Dakta Safara'u ta ce gidan da uba ke kawo alawa kyauta ya kamata a duba bakin kowa. Manyan biyu ba a sami komai ba. Sagir, mai shekara goma, yana da ƙananan koguna biyu a turamensa, bai ma san da su ba. Aka yi masa ciko cikin kwata ɗaya na awa, ya sauko daga kujera yana tambaya ko an gama ke nan. Ladidi aka shafa mata wani magani a haƙora aka ce a dawo da ita. Malam Idrisu yana tsaye a gefe yana kallo, harshensa na taɓa gurbin turamensa biyu.

Mas'uda ce ta ba da wahala. Dasashinta ya daɗe yana jini in ta yi asuwaki, likita ta ce sai an wanke mata. Ta ce ita ta ji wankin haƙori yana sa su girgiɗa, wata maƙwabciyarta daga wanki ta fara zubar da haƙora.

Dakta Safara'u ta ce, "Hajiya, dattin da ya daskare a gindin haƙori shi ke cin dasashi har haƙorin ya yi sako-sako. Wadda ta zo a makare, in an cire dattin sai ta ga ɓarnar da ya riga ya yi, ta ce wankin ne. Naki bai kai nan ba."

Mas'uda ta ce za ta yi shawara. Sai da ta yi mako uku tana shawarar, sannan ta je ita da ƙanwarta, ba ta gaya wa Malam ba sai da ta dawo.

Haƙorin roba ya iso bayan wata biyu. Guda ɗaya ne a jikin wani ɗan faranti ruwan hoda mai kama ganɗa. Kwanakin farko ji yake kamar an sa masa murfin kwalba a baki, yawu na taruwa, magana na sarƙewa. Yakan zauna a tsakar gida da hantsi ya yi ta karatu a bayyane har harshen ya saba da sabon wurin. Fiton ya tafi. Yahaya ya yi masa tayin komawa gaba tun a makon farko, ya ce a ɗan ƙara masa lokaci. Bayan wata guda, wata magariba da Yahaya ya makara a cikin injin da ya tsaya, aka dubi Malam Idrisu, ya shiga gaba. Tun daga nan wanda ya riga zuwa a cikinsu shi ke ja.

Shayin Uba ne abin da bai iya bari ba. Ya sauko daga cokali huɗu zuwa biyu, ya gwada ɗaya na kwana uku ya ce wannan ruwan zafi ne kawai, ya koma biyu. Lemon kwalba ya bar shi sai ranar biki. Lawan ya sa shi gaba da tsiya, yana cewa an mayar da tsoho ɗan makaranta, har da buroshi a aljihu. Kakanninmu, in ji shi, da haƙoransu aka binne su, ba su san likita ba. Malam Idrisu ya ce kakanninmu ba su yi aiki a kamfanin alawa ba. Uba ya ce shi dai duk wanda ya rage sukari ya taimake shi.

An ce ya dawo bayan wata shida, sai da ya yi takwas. Ranar Lawan ba shi da lodi da safe, ya ɗauke shi a babur ya kai shi. Dakta Safara'u ta duba ko'ina da ɗan madubinta, ta ce dasashin ya yi kyau, cikon duk suna nan. Sai ta tsaya a wani haƙori na ƙasa, gefen dama.

"Nan akwai sabon wuri. Ƙarami ne. Me ya faru?"

Ya ce da damina ta sauka iska ta yi laima, alawar ta riƙa yi masa gardama, na'ura ta ce ta kai, cokali ya ce da saura. Sai ya koma gatsawa da turamen dama, na 'yan makonni. Wani lokacin kuma in ya dawo a gajiye yakan kwanta bai goge ba.

"Makonni nawa?"

"Za su yi shida."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce ya buɗe baki. Ko allura ba a yi ba, minti ashirin aka gama. Ta rubuta masa wata ranar a bayan katinsa, ta ce wannan karon shida, ba takwas ba.

Ya tarar da Lawan a inuwar bishiya kusa da masu sayar da ayaba, ya dafe kuncinsa na dama da hannu. Da ya hango shi sai ya sauke hannun.

"Har an gama?"

"An gama. Layin ba tsawo yau. Ka shiga mana ta duba maka, tunda ga ka ga ta."

"Ni? Lafiyata ƙalau. Ɗan sanyi ne ya taɓa ni." Ya tayar da babur. "Sai dai ko bayan Salla."

Malam Idrisu ya sa katin a aljihun gaba, ya hau baya, suka kama hanyar Sharada, don ƙarfe biyu zai karɓi aiki.